Dakan da Babu Hatsi

A cikin azumin shekarar 2020 ne, da hantsi, na ɗaga labulen tagarmu a wani dogon bene da ke unguwar Chow Kit, sai na ga sojoji suna warware waya mai ƙaya suna zagaye gidan da ita. Maigidana Auwal, wanda karatunsa ya kawo mu Malesiya, ya fita kasuwa, wayar ta rufe yana waje. Ya kira ni ya ce an samu masu cutar korona a benen namu, za a bi ƙofa-ƙofa a gwada kowa, wanda aka samu da ita a tafi da shi a mota. 'Yata Ummi kuwa, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tun jiya jikinta zafi rau. Ban san lokacin da na shiga kicin na ɗauki tabaryar ɗan turmin da nake daka tafarnuwa ba.

A ƙauyenmu, can ƙasar Zazzau, yaro na iya yin kowace irin ɓarna a tsaya a faɗa, amma ban da dakan turmi babu hatsi. In an gama surfe, kife shi ake yi a gindin katanga. Mu 'yan mata mukan tashi da shara, mu ɗebo ruwa a rijiya, mu kai wa su Baba fura gona, da yamma mu yi carafke da tuwon ƙasa. To ko a wasan ma, sai mun zuba yashi a ɗan turminmu kafin mu sa tabarya.

Kaka Hajjo, mahaifiyar Baba, ita ta gaya mana dalili muna ɓarar gyaɗa. Ta ce tana yarinya, zamanin Turawa, aka yi diban gwamna. Masinja zai zo ya ƙidaya samarin gari, bayan 'yan kwanaki a dawo da igiya a kora su haƙar kuza a Jos. Yayanta Ɗanladi na cikin waɗanda aka fara tafiya da su, damina tsakiya, fartanyarsa a kunyar gona. Bai dawo ba. Mazan ba su da bindiga, don haka matan suka yi shawara a bakin rijiya. Duk wadda ta fara hango baƙo da takarda, sai ta zazzage turminta ta dake shi wayam. Sautin daban yake, busasshe, yana kai wa har gona. Maƙwabciya ta amsa, ta gaba ma ta amsa, kafin masinja ya iso ƙofar mai gari samari sun shige dawa da duwatsu. An zane mai gari, an ƙone rumbuna, amma ba a samu macen da ta buɗe baki ba. Kaka takan ƙarasa da cewa, "Wanda ya zo ƙidayarku, ɗauka zai dawo yi."

Sau ɗaya na taɓa jin wannan dakan da kunnena. Ina aji biyu a firamare, wata farar mota ta tsaya a bakin gari, mutane masu fararen riguna suka fito da akwatuna da takarda, suna tambayar yara nawa ne a kowane gida. 'Yan rigakafi ne. Kaka, tsohuwar da da kyar take ɗaga buta, ta miƙar da turmi ta hau daka. Kafin ta huta gidan maƙwabcinmu Malam Idi ya amsa, sai na gaba, har garin ya ɗauka. Inna ta cusa mu cikin rumbu, ni da ƙanena Sani, ta ja murfi. Duhu, ƙaiƙayin gero, ɓeraye na bi ta ƙafafunmu. Sani na son yin tari, na toshe masa baki da tafin hannuna har muka ji tashin motar.

Da rani ƙyanda ta shigo garin. Ta kwantar da mu duka, ni na tashi, Sani bai tashi ba. Ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan a gaban Kaka. Ita ma ba ta sake ba mu labarin Ɗanladi ba har ta rasu.

Su biyun nan, Ɗanladi da Sani, su ne a raina lokacin da na ji takun masu gwaji a barandarmu. Na leƙa ta hudar ƙofa: farare fat tun daga kai har ƙafa, ba fuska, ɗaya riƙe da takarda. Na goya Ummi, na kashe fanka, na dubi durowar kaya, wallahi har na buɗe ta. Aka ƙwanƙwasa. Ummi ta yi tari, hannuna ya tafi bakinta da kansa, sai na ji ɗumin numfashinta a tafina, irin na Sani sak. Na sauke hannun, na zare sakata.

Muryar mace ce ta fito daga cikin farar rigar. Ta nuna Ummi ta ce, "Boleh?" wato ko na yarda. Na gyaɗa kai. Ta rubuta sunanmu.

Ba a same mu da cutar ba, an kuma kwashe wayar, Auwal ya dawo. Amma har yau in aka taɓa ƙofa sai na leƙa ta huda kafin na zare sakata. A can gida, in tsoro ya zo, kina da turmi, kina da maƙwabciyar da za ta amsa, ko da kuskure za ku yi, tare za ku yi shi. A nan ko na daka, wa zai gane? Ɗan turmin nawa yana nan a kicin, a kife. Har yanzu ban san yadda ake gane ranar ɓuya da ranar buɗe ƙofa ba.