Kajin Riƙau da Jan Ruwan Dokta

Tun tana ƙarama ake ce mata Riƙau, don in ka taka ta yau, ko kai ka manta, ita tana sane. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Sai dai ta dube ka, ta gyaɗa kai, ta ajiye. Rabin rayuwarta ta yi shi ne tana buga takardu a wani ofishi mai tagogi masu tsatsa da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Lokacin da ta yi ritaya mijinta ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai ta gina ɗakin kaji a bayan gida ta zuba 'yan tsaki.

Mijin ƙanwarta Auta shi ake kira Dokta, ko da yake ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa leƙawa ba. Da can direba ne a shagon abincin kaji. A nan ya tsinci 'yan kalmomi, ya sayi farar riga, ya fara haɗa wani jan ruwa a jarka yana ɗurawa a kwalabe, wai yana sa kaza ƙiba kamar ana hura ta. Masu kiwo suka yi masa caa. Riƙau ma ta karɓa, saboda zumunci.

Da zafi ya tsananta, kajinta suka fara faɗuwa, har sai da ta riƙa kwashe su a baro. Ranar taron ƙungiyar masu kiwo, a wani zaure mai kujerun roba, ta miƙe ta ce ruwan Dokta ne ya kashe mata kaji.

Dokta ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Yaya, da girmanki? Kiwo fa ba buga takarda ba ne. Kowa ya ba kajinsa sun yi ɓul-ɓul, sai ke. In rawa ta gagari mutum, sai ya ce ƙasa ce ta karkace."

Zaure ya kwashe da dariya. Auta ta sunkuyar da kai. Riƙau ta dube shi, ta gyaɗa kai, ta zauna. Mutuwar kajin ta yi mata ciwo, amma dariyar nan ita ce ta tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Ta nufi gidan Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, wanda ya tsufa yana aiki a gonar bincike. Ta same shi a baranda, gilashinsa ɗaure da zare.

"Kawu, na ba kajina ruwan Dokta, sun mutu. Wace shaida kuma ake nema?"

"'Yar nan, wannan shi ne gwaji mafi rauni. Garke ɗaya, kin ba su, kin zuba ido. Ko da kin auna su kafin da bayan, wa ya gaya miki abin da zai faru in ba ki ba su ba? Zafi yana kisa, cuta tana kisa. Sai kin samu wasu da ba su sha ba, kin kwatanta."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta sayo sababbin 'yan tsaki, ta raba su biyu da hannunta, waɗansu ta ba su jan ruwa, waɗansu ta hana. Da suka tasa, masu shan ruwan suka fito a tsamure. Ta koma wurin Kawu bakinta har kunne.

"Wa ya raba su?" in ji shi.

"Ni mana."

"To, hannunki ya san abin da zuciyarki ke so. Na rantse duk ɗan tsakon da ya yi laƙwas, ɓangaren Dokta kika jefa shi."

Ta kau da kai.

"Wannan rabin gwaji ne. Ana yin irinsa in ba yadda za a yi, kamar a kwatanta aji biyu na makaranta da aka riga aka raba. Amma mai baki irin na surukinmu zai yaga shi kamar tsumma. In kina son wanda ba ya yaguwa, ƙuri'a ce za ta raba, ba ke ba. Ɗaki ɗaya, abinci ɗaya, abu ɗaya tak ya bambanta. Waɗanda ba a ba maganin ba, a ba su ruwa mai launi irinsa. Mai awo kuma kada ya san wanne ne wanne."

Riƙau ta tafi tana tauna maganar. Da ta gama shiri, ta yi kwalliya, ta tafi shagon Dokta da murya kamar zuma.

"Ƙanena, na yi maka ba daidai ba. A gaban jama'a na ɓata ka, a gabansu nake so in wanke ka. A gwada ruwanka a gidana, ƙungiya ta shaida, kai da kanka za ka zari ƙuri'a."

Kan Dokta ya fasu. Auta har da hawayen murna, tana cewa, "Yaya, Allah ya bar zumunci."

Aka raba ɗakin kaji da waya. Kowane ɗan tsako aka ɗaura masa lamba a ƙafa, Dokta ya riƙa zarar lambobi daga bokiti yana barkwanci. Shugaban ƙungiya ya haɗa jarkoki biyu masu kama ɗaya, shi kaɗai ya san ta gaskiya. Riƙau ta kula da kajin nan kamar jikokinta. Ta fasa bango ta ƙara taga, ta rage cunkoso, don kada a samu abin fakewa. Kullum da safe sai ta leƙa tana neman gawa.

Ba ta samu ko ɗaya ba.

Ranar awo tsakar gidanta ya cika. Wani mai sayar da nama ya zo da sikelinsa, ya auna ɓangaren dama, ya auna na hagu. Nauyi ya zo kusan ɗaya, bambancin bai kai a faɗa ba. Riƙau ta sake leƙa sikelin. Guba take so a kama, ga shi babu guba.

Kawu ya raɗa mata, "Zafi da cunkoso ne suka kashe na farko, 'yar nan. Ba shi ba ne."

Dokta kuwa ya ɗaga hannu sama. "Kun gani! Ko ɗaya ba ta mutu ba!"

Riƙau ta bari ya gama tsallensa. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Gaskiyarsa, jama'a. Ruwansa ba ya kisa, na janye. Amma Shugaba, waɗanda ba su sha nasa ba, me suka sha?"

"Ruwan famfo da kala," in ji Shugaba.

"Kuma ƙibarsu ɗaya. To ku da kuke layi a shagonsa shekara da shekaru, me kuke saya?"

Sai wata mata ta ce, "Kala!" Nan fa aka yi wa Dokta ca. Dokta ya fara cewa an yi masa maguɗi, mai nama ya tuna masa wanda ya zari ƙuri'a. Ta ƙofar baya ya fice, farar rigarsa ta kama a waya ta yage.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa idonta jajur. "Yaya, da kin kira shi gefe. Abincin 'ya'yana kika zubar."

"Shi a gefe ya kira ni?" in ji Riƙau.

An daɗe Auta ba ta taka gidan ba. Yanzu tana zuwa jefi-jefi, su gaisa, su yi hirar 'ya'ya, ba mai ambaton mijin. Dokta ya koma sayar da bokitai da mazubin abincin kaji, sunan ma ya fara bin iska. Ƙungiya kuwa ba ta ƙara karɓar sabon magani ba sai an gwada shi a bayan gidan Riƙau, an kuma ƙi maganin mutane da yawa a can ba tare da Riƙau ta san fuskarsu ba.

Kawu ya taɓa ce mata ta yafe haka nan, tunda dai mutumin bai kashe mata kaji ba. Ta zuba masa ruwa a kofi, ta ce za ta duba. Har yau in za ta kasuwa, takan bar gajeriyar hanya ta bi ta gaban shagon Dokta, ta rage tafiya, ta yi masa sannu da aiki.