Wa Ya Ɓantare Bakin Kilarinet Ɗina

Saura awa biyu a ɗaura auren ƙanwata a majami'armu ta Madawa na buɗe akwatin kilarinet ɗina, abin busa mai kama da algaita, na tarar da bakinsa a ɓantare. Bakin nan baƙar roba ce mai tauri, a jikinta ake ɗaure ɗan karan da ke ba da sauti. Abin da ya fita bai wuce ƙwayar dawa ba, amma da na busa sai ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Daga Madawa har Buza ban san mai irin wannan kayan ba, balle in aro.

Ni ba mai haƙuri ba ne, kowa ya sani. Nan take zuciyata ta tafi kan mai gangar ƙungiyarmu ta mawaƙa, abokina tun muna yara muna karatu a lakwal. Kwana uku kafin nan mun yi cacar baki, ya ce busata na danne muryar mata, in rage. To, ga shi an rage mini.

Na narkar da kakin zuma na cike gurbin, na goge shi a hankali bisa gilashin taga. Ina yi ina tuno duk kallon da ya taɓa yi wa akwatin nan, kowanne sai in ga mugunta a ciki. Shekara nawa muna cin tuwo kwano ɗaya, amma ranar ko alherinsa guda ban tuna ba.

Da ya iso da gangarsa na tare shi a bakin ƙofa, gaban mawaƙa duka.

"Kai ka taɓa mini kaya," na ce.

Ya dubi bakin kilarinet ɗin a hannuna, ya dube ni. "Mi ka gani?"

"Aikinka na gani. Hassada za ta kashe ka."

Bai ce uffan ba, ya shige ya zauna wurinsa. Shirun nan ya ƙara tabbatar mini.

Kakin ya riƙe waƙa biyu. A ta uku zafi ya sa ya saki, na sauke kilarinet ina huci, ganga kaɗai ta raka amarya waje.

Da la'asar a gida, innata, wadda ta zo biki daga Urno, ta kira ni tana fara'a.

"Ka ga yadda abin busarka ya yi fes? Duk jan goro ne a kai. Na ce ba ka sa wannan ƙazanta a baki ranar armen ƙanwarka."

Ashe da safe ta ɗauke shi ta dirje da toka da yashi, yadda take wa kwanoninta, ya suɓuce ya bugi dutse. Ɗan guntu ne ya fita, in ji ta, ba komai. Kunya ta kama ni.

Washegari na tafi gidan mai gangar. Na tarar yana ɗaure wa akuya harawa. Na faɗa masa komai, na ce ya yafe mini.

"Na sani," ya ce. "Na ishe ta tana wankinsa sa'ad da na kawo kujeru. Gaban jama'a kake so in ce Inna ce?"

Ya ƙarasa ɗaure harawar, sannan ya juyo gare ni.

"Da ka ja ni gefe ka tambaya, ai da na gaya maka."

Ya sa aka kawo mini ruwa na sha. Bai ce in zauna ba.