Mai Goyo da Awa Ukun da Ba Nasa Ba

Ka taɓa ƙirga awa nawa ne a yini za ka iya fesa wa alkama takin ruwa ba ka ƙone ta ba? Ni na ƙirga. Uku ne, wata rana ma biyu da rabi: awa ɗaya da safe, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta ɗau zafi, sai awa biyu da yamma lis, shi ma in iska ta kwanta. Kawuna ne ya koya mini, kuma bai taɓa samun ko ɗaya cikin ukun nan don gonarsa ba.

Mai Goyo ake ce masa, saboda famfon feshi mai cin lita goma sha shida da ke bayansa shekara goma sha tara. Matarsa, Inna, takan ce, "Ni na yaye shida, kai ɗayan nan ya gagare ka yayewa." Famfon ba nasa ba ne, na maigidansa ne, mai fangali ɗari uku da ashirin a bakin hanyar ruwa. Kawu kuwa fangali ashirin da huɗu gare shi, na gado, shi da wansa Baba Babba, mai sayar da katako a gari.

Ba shi da agogo. Bayan hannu yake ɗora wa ganye. "In ya fi fatarka ɗumi, sauke famfo. In da lema, jira, don takin zai zauna a kai rana ta soya shi. In an yini ana iska ganye ya wahala, bar shi sai gobe." Gonar maigida ba ta taɓa nuna bakin ganye ja ba. Amma safiya ta maigida ce, yamma ma tasa ce. Abin da ke saura wa Kawu shi ne azahar, lokacin da ake ajiye famfo a ci abinci.

Bara, bayan alkama ta tashi, Baba Babba ya zo ya tsaya a kan kunya, bai ko cire takalmi ba.

"Ƙanena, buhu huɗu, buhu huɗu, shekara uku. Maƙwabcinka da fangali ashirin yana ɗaukar bakwai."

"Yaya, shi da yamma yake fesawa."

"To kai wa ya riƙe maka yamma? Bana in ba a kai shida ba, zan bai wa maigidanka gonar ya haɗa da tasa. Ya tambaye ni sau biyu."

Sai na ce wannan ai mai sauƙi ne. Saura kwana takwas ganyen sama ya fito, wanda ke ciyar da zangarniya, kuma Kawu ba ya yarda taki ya taɓa shi. Fangali ashirin da huɗu cikin famfo uku ne, minti tamanin. Na je wurin maigida na roƙi yamma ɗaya tak. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, tawa alkamar an ce maka za ta jira ne?" Na bi gida shida neman aron famfo. Huɗu suna da famfo, kuma duk a bayan masu shi yake a awa ukun nan. Na biyar yana yoyo ta gindi, ya jiƙa mini riga har ƙugu. Ranar da na samu na shida, iska ta taso tun hantsi, ba ta kwanta ba sai da kwana biyu suka wuce, mai shi ya karɓi abinsa.

Alkamar Kawu kuwa ta fara yin rawaya daga ƙasa. Rana ta bakwai, ƙarfe ɗaya da kwata, na tarar da Kawu ya ninka ruwan haɗi don rage ƙarfin takin, yana ɗaura igiyar famfo.

"Kawu, taɓa ganyen mana."

"Na taɓa."

"To?"

"In na bari yunwa ta kashe ta, in na fesa ta ƙone. Wanne za ka zaɓa mini?"

Na riƙe masa bokiti.

Ya fesa ashirin da uku, haɗin ya ƙare. Na ƙarshen sai da yamma, shida saura kwata, da ragowar da ya dawo da ita daga gonar maigida. Bayan kwana uku na ƙirga ganye ɗari a wanda aka fesa da azahar: sittin da uku sun ƙone daga baki, kamar an bi su da ashana. A fangalin yamma, huɗu.

Na kai wa Baba Babba lissafin nan har shago. Ya ce, "Ganye ake aunawa ko buhu?" An yi girbi, buhu huɗu da rabi.

Bana fangali ashirin da huɗun nan sun shiga cikin na maigida. Kawu ne dai ke fesa su, ƙarfe biyar da rabi, ganye a bushe, iska a kwance. Na ƙirga makon jiya: ganye biyu cikin ɗari ne suka ƙone. Inna ta ce yanzu ba ya bi ta gefen tsohuwar gonarsa in zai dawo gida, zagayawa yake.

Ban san yadda za a samar wa irin Kawu yamma ba. Amma kai da famfo ke hannunka, ware fangali biyu: fesa ɗaya da yamma lis, ɗan gefen ɗayan kuma da azahar, ka ƙirga ganye ɗari bayan kwana uku. In ka ga bambancin, gwada barin minti tamanin ga wanda ke goya maka famfon.