Sassaben da na yi wa Baba

Ni na sa aka sare itatuwan gonar mahaifina. Gara in faɗi wannan tun da fari, domin yanzu mutane sukan zo ganin gonar su yi ta yaba mini, ni kuma in yi ta murmushi kamar mutumin kirki.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kebbe, ta wajen Fakku. Ni kuwa tun da na sami aikin koyarwa na tare a Tambuwal, sai ƙarshen wata nake leƙa gida, wani lokaci ma sai wata biyu. Gonar tana gabas da gari, jigawa ce, gero da wake ake yi a cikinta. Ina yaro, in aka yi shuka sau ɗaya an gama. Daga baya damina ta sauya hali. Sai ta makara, in za ta zo kuma ta turo wata iska a gaba, mai kwasar rairayi tana yanke gero ɗan kwana biyar. Sannan ruwan wata guda ya zubo a yini ɗaya, ya ɗauke ƙafa har mako uku. Baba yakan ce, "Ruwan yanzu ba shi sallama, ba shi bankwana." Damman da muke samu suka yi ta raguwa, har ɗaya daga cikin rumbunanmu biyu ya koma wurin kwanan kaji.

Wata shekara Baba ya tafi gaisuwar mutuwa hayin Nijar, ya dawo da sabon hali. A wajenmu kafin damina ana yin sassabe: a bi gona a sare duk wani tohon sabara da kalgo da ƙaya, a tara a ƙone, gona ta fito fes. Da haka ake gane namiji. Wanda ruwa ya faɗi ya tarar da kurmi a gonarsa rago ne, ko 'yarsa aka zo nema sai an yi maganar. To, Baba ya daina. Sai ya durƙusa gaban tsohon kututture, ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya yanke sauran, ya rage wa waɗanda ya bari rassan ƙasa don su miƙe sama. Ya ce haka ya ga ana yi a can, kuma geronsu ya fi namu kyau alhali ruwansu bai kai namu ba. Don kada masu neman iccen girki da makiyaya su sare, sai ya ɗauko tsohon rawaninsa ya riƙa yagewa, yana ɗaura wa kowane toho da ya zaɓa farin tsumma.

Tsumman nan su suka ja mana magana. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce tsafi ya koyo. Ina da wani taubashi, ɗan ƙanwar Baba, mai sayar da igiyoyi a kasuwar Tambuwal, bakinsa ba ya rufuwa. Duk ranar kasuwa da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Malam! An ce tsoho ya naɗa ma sabara sarauta, yaushe za mu zaka gaisuwa?" 'Yan rumfa su bushe da dariya. Wasan taubasai ne, na sani, ba a fushi da shi. Amma ni Allah ya yi ni da zuciya a kusa, ga son a ce. A ce ina ɗaukar albashi, ina sa riga mai guga, gonar ubana ta zama abin dariya? Abin ya riƙa cina a rai.

A cikin shekarun nan ciwon yanar ido ya fara rufe idon Baba, har ta kai ba ya gane mutum sai ya yi magana. Bai fasa zuwa gona ba. Da sanda yake tafiya, da hannu yake lalubar rassan yana yankewa. Duk zuwan da na yi gida sai ya ce, "Zaka mu tahi in gwada maka abin da nika yi." Ni kuma kullum da uzurina. Yau takardun jarrabawa, gobe rana ta yi, jibi babur ba mai. Shekara bakwai ban taka gonar nan tare da shi ba. Daga bakin hanya nake hango ta, duhu-duhu a tsakiyar gonakin mutane da suke fes, in kau da kai.

Da bazarar shekara ta bakwai muka kai shi Sakkwato aka yi masa aikin ido. Likita ya ce ya zauna kusa na 'yan makonni, sai ya sauka gidan yayata, Inna ma ta zauna tana jinyarsa. Gida ya zama babu mai ce mini kul. Na ce to, ga dama ta samu, bari in yi wa tsohon nan abin da ɗa nagari yake yi. Wallahi har raina alheri na nufa, ko da yake alherin da dariyar kasuwa a cikinsa.

Na ɗauki 'yan ƙwadago huɗu, magidanta, da gatura da adduna. Da muka shiga gonar na ɗan yi turus, domin abin ya wuce yadda nake zato. Ba kurmi ba ne. Itatuwa ne tsaye a warwatse, kalgo da sabara da aduwa, ƙarƙashinsu ƙasa ta yi baƙi da ruɓaɓɓen ganye. Can kusa da iyaka akwai wani gawo da ya fi ni tsawo nesa. Babban cikin mutanen, wani mai furfura a gemu, ya ajiye gatarinsa ya ce, "Malam, masu tsumman ga fa? Waɗanga an yi musu aiki."

Na ce, "Duka."

Ya ce, "Ka tambayi mai su?"

Nan zuciyar banzan nan ta taso mini. Na ce, "Gonar ubanka ce ko ta ubana?"

Ya dube ni ya ce, "Ta ubanka ce, shi ya sa nika tambaya." Ya tofa yawu a tafinsa ya ɗauki gatari.

Kwana uku suka yi. Ni da bakina na ce a tara ƙirare a kan kowane kututture a sa wuta, don kada ya sake tohuwa ya wahalar da tsoho. Ɗanyen icce ba ya son ci, sai hayaƙi da wani irin ƙauri. Na tsaya a gefe hannu a baya kamar mai duba aikin gwamnati. Da aka gama na ga gonar tun daga wannan iyaka har waccan, babu abin da ya tare ido, na ji daɗi. Na roƙi mutanen gida da maƙwabta kada kowa ya gaya masa, kyauta ce nake so ya gani da idonsa.

Ranar da suka dawo, gida ya cika da 'yan barka, ba a sami maganar gona ba. Washegari bayan ya karya ya ce in kai shi. Na goya shi a babur, yana sanye da baƙin tabarau irin wanda ake ba waɗanda aka yi wa aiki. Duk hanya yana ta mamakin abin da yake gani. Ya ce ashe masallaci an yi masa fenti, ashe wance ta tsufa haka. Muna fita gari ya dafa kafaɗata ya ce, "Shekara bakwai ina shafa su da hannu, yau zan gan su. Akwai wani gawo can iyaka, bara na miƙa sanda ban taɓa kansa ba."

A daidai nan na gane abin da na yi, amma babur yana tafiya, gonar kuma ga ta can. Na rasa ƙarfin halin tsayawa in faɗa masa.

Na tsaya a bakin gona, ya sauka. Ya duba gabas, ya duba kudu. Ya cire tabarau ɗin ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Wagga gonar wa ta?"

Na ce, "Taka ce, Baba."

"Wa ya yi aikin ga?"

"Ni na sa aka yi."

Maƙwabcinmu na gona ya hango mu ya taho yana washe baki, yana cewa, "Ka ga ɗa! Ka ga haihuwa mai rana!" Baba ya juya ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Haka ne. Allah shi yi mai albarka." Sannan ya taka cikin tokar shi kaɗai har iyaka, ya tsaya kan baƙin kututturen gawon nan, ya sunkuya ya sa hannu ya shafa shi. Na san ba don bai gani ba ne, hannun ne ya saba.

Bai ci tuwo ba ranar. Da zan koma Tambuwal, Inna ta rako ni zaure ta ce, "Duk kwanakin da muka yi a Sakkwato ba shi da hira sai ta iccen ga. Kai ko, sai dai Allah shi shirye ka." Ta juya ciki.

Daminar ta zo da halin da ta saba. Aka yi shuka, gero ya fito, iskar hadari ta bi ta kansa da rairayi ta binne. Aka sake, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone. A na uku ne ya tsaya, shi ma da ƙyar, kuma ruwa ya yanka wani kwari a tsakiyar gonar inda da can saiwoyi suke riƙe da ƙasa. Abin haushi, duk inda itace ya taɓa tsayawa, geron wurin ya fi sauran tsawo da duhu, tsibi-tsibi, ko makaho aka kai zai laluba ya gane. Taubashin nan nawa da ya zo ya gani, ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, sai ya fasa. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan kaka na iya zuwa neman gafara. Na same shi da hantsi a ƙofar gida yana gyara ƙotar gatari. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka ɓarna, ka yafe mini."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai ba ka yi laihi ba. Ni ne ban kai ka na gwada maka ba. Mutum ba shi tausayin abin da bai sani ba."

Kai, jama'a! Mutumin da ya shekara bakwai yana cewa in zo mu tafi. Ya sani, na sani, amma ya ɗauke kayan daga kaina ya ɗora wa kansa. Na yi kuka a gabansa da gemuna, ya ce in tashi kada masu wucewa su ɗauka mutuwa aka yi.

Bazarar da ta biyo baya na zo ba tare da an kira ni ba. Muka bi gonar kututture bayan kututture. Sabara da kalgo akwai taurin rai, da yawa sun toho ta gefen ƙunar. Ya nuna mini yadda ake zaɓa: ba mai tsawo ba, mai kauri a gindi. Ya nuna mini yadda ake yankan reshe daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Idan na yi ba daidai ba ya ce, "Malamin makaranta ke nan, alli ya fi adda sauƙi." Duk zuwan da muka yi sai ya ratsa ta iyaka ya duba kututturen gawon. Bai toho ba, wutar da aka tara masa ta fi ta kowa.

Damina uku ya ƙara. Ya rasu itatuwan suna iya ƙugu.

Da aka raba kayansa, rawaninsa na Sallah ya faɗo a kasona. Ban taɓa naɗa shi ba. Shi nake yagewa ina ɗaura wa toho, yanzu saura ɗan kaɗan. Gonar ta sake yin inuwa, iska ba ta binne mana shuka kamar da, maƙwabcin nan da ya yi mini kirari ranar toka shi ma ya fara barin nasa. Wani lokaci malaman gona sukan kawo manoma daga Sanyinna da Dogon Daji, su tsaya a ƙarƙashin kalgo su yi bayanin sauyin yanayi, su ce a yi koyi da Malam. Nakan ce aikin mahaifina ne. Sai su ce Allah sarki, Allah ya jiƙansa, ai ya bar magaji. Ban taɓa ƙarasa musu labarin ba.

Bara wani dattijo cikin baƙin ya ja ni gefe, ya ce lalle tsohon nan ya more ganin aikin hannunsa. Na ce masa a'a, baba, bai gani ba. Ya ce, ashe makaho ne? Na ce an yi masa aiki, ido ya buɗe sarai, ni ne ma na kai shi asibitin. Ya tsaya yana jiran sauran maganar, ni kuma na ce masa motarsu za ta tashi.