Mun je Kagoro don Mama ta faɗi ciwonta da bakinta

Sai da gari ya yi haske sosai muka bar Kaduna, ni da maiɗakina, a motar haya. Hanyar kudu yanzu ba a yi mata sammako irin na da. Abin da ya tashe mu kuwa Mama ce. Ƙanwata da ke aikin jinya a ƙasar waje ta kusa haihuwar fari, ta kuma samar wa Mama izinin zuwa ta zauna da ita. Inshorar lafiya kawai ta rage, domin wadda ƙanwata ke da ita ta wurin aiki ba ta haɗa da uwa ba. Da kamfanin inshora ya kira Mama ya tambaye ta ko tana da wani ciwo, sai ta ce lafiyarta lau. Alhali ta daɗe tana shan maganin hawan jini. Ƙanwata ta kira ni hankali a tashe, ta ce in aka ɓoye ciwo ya zo ya tashi a can, kamfanin zai zame, a bar ta da asibiti ita kaɗai. Na ce ta bar min, ni na san uwata.

A Mararaban Rido direba ya tsaya neman cikon fasinja, masu talla suka rufe mu. Na sayi ƙosai, na ga ya rame ƙwarai tun zuwana na bara, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Daga nan sai ramuka da shingayen jami'an tsaro, direba na gaida kowa da yallaɓai yana tsaki in mun wuce. Kafin mu shiga Kachia ƙamshin citta ya riga mu, an baza ta a bakin hanya tana shan rana. A Zonkwa wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kauri, irin wanda na manta akwai shi. Da duwatsun Kagoro suka bayyana, kore shar, na ji zuciyata ta kwanta kamar kullum.

Mama tsohuwar malamar firamare ce, kuma tana cikin manyan zumuntar mata na ikilisiyarmu. Ta tarbe mu da tuwon acca da miyar karkashi, tana ta faɗan mun rame. Sai da muka ci muka ƙoshi na kawo maganar.

Ga wanda bai san mu ba, a wurinmu mai bin Yesu ba ya kiran ciwo nasa. In ka ce “ciwona”, an ce ka karɓe shi ke nan da bakinka. Mama na shan ƙwayoyinta kowace safiya, ba ta fashi, amma sunansu a gidan maganin gajiya. A kemis take saye, ta daɗe rabonta da ganin likita. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla. Akwai inshora mai sauƙi, wadda ba ta ɗaukar komai sai haɗari da ciwon da ya faɗo kwatsam. Akwai mai tsada kaɗan, wadda ke ɗaukar tsohon ciwo, amma sai an faɗe shi, likita ya shaida. Na ƙara da cewa a can kemis ba ya miƙa irin maganinta sai da takardar likita.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Yarona, ni ba na da komai. Wannan abu ba rabona ba ne, cikin sunan Yesu.”

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan ɗaga murya, maiɗakina ta taka min ƙafa. Iyakar abin da muka samu a ranar shi ne Mama ta yarda a je Kafanchan a duba ta, wai don in daina damun ta.

Washegari muka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Kafanchan na nan yadda na san ta, 'yan acaɓa sun fi hanya yawa, doya tuli-tuli a bakin kasuwa, tsohon layin dogo ciyawa ta cinye shi. Muna zaune a layi sai ga matan zumunta sun shigo da zanensu iri ɗaya. Wani ya gan mu a keke, labari ya kai musu cewa Mama ta tafi asibiti. Wata da kunun gyaɗa a fulas, wata da lemo, wata har da tabarma ko za a kwana. Mama ta yi ta dariya tana cewa ba komai, amma na ga ta ji daɗi.

A nan ne maiɗakina ta matsa kusa da ita ta ce a hankali, “Mama, a can wa zai biyo ki da kunu? Mai jego ce kaɗai, da jariri a hannu.”

Mama ta dubi matan, ta dubi fulas ɗin, sai aka kira mu.

Likita ya ɗaura mata abin awo, ya duba, ya sake awo. Ya ce jinin ya hau fiye da yadda yake so, maganin da take sha ya yi mata kaɗan. Sannan ya tambaye ta, “Mama, me zan rubuta?”

Ta gyara ɗankwali ta ce, “Rubuta shi, likita. Ina da hawan jini. Allah ya riga ya sani, bari su ma su sani.”

Na juya kai ina kallon taga, domin idona ya ciko. An sauya mata magani, an ce ta dawo a sake dubawa kafin tafiya. Daga harabar asibitin na kira kamfanin, Mama ta karɓi wayar ta gyara maganarta da kanta, da muryarta ta malamar aji. Mun zaɓi inshorar da ta ɗauki ciwon.

Mun dawo Kaduna da rana tsaka, but ɗin mota cike da doya da citta. Abin da na koyo shi ne, mu a gida mutane ne inshorarmu, shi ya sa muke iya yin shiru a kan ciwo, domin ko ba ka faɗa ba wani zai gani. Duk mai shirin fita waje, ko mai shirin ɗaukar tsoho, ya fara da ganin likita, ya faɗi komai, sannan ya tambayi abin da inshorar ba ta ɗauka kafin abin da take ɗauka. Da na shiga gida na kira ƙanwata na ba ta labari. Ta ce tun da aka fara shirin tafiyar nan, yau ne za ta yi barci.