Zanen da Na Ja

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karanta kimiyyar binciken laifuka, akwai jarrabawa ɗaya da ta tsaya mini a wuya. Ba ta takarda ba ce. Ɗaki ake shiryawa kamar an yi kisa a ciki, a kwantar da mutum-mutumin roba a matsayin gawa, malama ta tsaya da takardar maki tana kallon hannunka. Dokar farko: kada ka taɓa komai sai ka ɗauki hoto. Sau biyu ake ba ɗalibi dama. Ya faɗi ta biyu, babu digiri.

Karon farko sauri ne ya kayar da ni. Hannuna ya koma inda ya saba, na rubuta bayanaina duka da ajami. Malama ta juya littafin sama da ƙasa, ta ce, "Malam, laya ka rubuto mana? Wane alƙali zai karanta wannan?" Wani abokina ya shekara yana kirana Mai Laya.

Karo na biyu na shirya sosai. Mahaifina, wanda shi ke wankan gawa a unguwarmu a Gafasa, ni kuma ina zuba masa ruwa tun tasowata, ya yi mini addu'a ta waya har muryarsa ta dushe.

Na sa safar hannu, na yi bisimilla, na shiga. Gawar robar tana kwance, zanen da ke jikinta ya zame, tsiraicinta a waje. Wallahi ban yi tunani ba. Na ji bakina yana innalillahi, hannuna kuma ya riga ya ja zanen ya rufe ta har fuska.

Malama ta ɗago kai daga takardarta.

"Ka ɗauki hoto?" in ji malama.

"A'a, Malama."

"A kan zanen nan muka sa gashin wanda ya yi kisan. Yanzu yana ina?"

Na duba ƙasa. Ta rufe takardarta a hankali, ba faɗa. Ta ce, "Ka yi mata sutura, ka kuma sallami wanda ya kashe ta."

Da na dawo gida na gaya wa mahaifina, sai ya ce, "To da barin ta za ka yi a buɗe?" Har ya rasu bai gane inda laifina yake ba.

Yanzu ni ke wankan a madadinsa. Na karɓi ƙaddara, amma ba zan ce ta daina ciwo ba. Wani lokaci ina wankan gawa sai in ga tabo a wuya ko a haƙarƙari, in karanta shi sarai kamar rubutun allo. Ba ni da takardar da za ta sa a saurare ni, dangi kuma suna ƙofa suna cewa, "Malam, a hanzarta, rana na yi."

Sai in ja zanen in rufe.