Mama Bawul da Ɗan Fasto

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Mama Bawul, don ba ta gama darasi ba ta ambaci bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi wa tukunya yawa ba. Ta daɗe a kamfanin taki kafin ta koma jami'a koyar da kiyaye haɗari a masana'antar sinadarai. Ranar Lahadi kuwa ita ke jan waƙa a coci.

A jarrabawar gwaji, ɗan fastonta, wanda ɗalibinta ne, ya tara abokan aikinsa gaban tukunyar tururi, ya yi doguwar addu'a, sannan ya kai hannu zai kunna bai duba bawul ba. Ta riƙe hannunsa, ta kuma kayar da shi a jarrabawar. Sai ya maimaita shekara ke nan.

Bayan sujada matar fasto ta tare ta a bakin ƙofa.

"Haba 'yar'uwa, yaron nan addu'a fa ya yi. Ɗanki ne."

"Na ji addu'ar, Mama, har amin na ce. Amma Allah ya ba shi ido. Gobe leburori ne za su tsaya kusa da tukunyarsa, su ma 'ya'yan wasu ne."

Matar fasto ta daina gaishe ta, aka kuma ba wata jan waƙar. Mama Bawul ba ta canza makin ba. Ta koma bencin baya, ta aika wa yaron cewa ɗakin gwaji a buɗe yake kowace Asabar idan yana son koyo.